Takalmin zomo, furen da ke son inuwa

Ƴan'uwa masu karatu, in kun shiga garkarku gobe da safe, ku duba ƙarƙashin itatuwa. Mi za ku gani? Sau da yawa ba komi. Ƙasa ce tsirara, an share ta ƙal, ta yi tauri kamar daɓe. Albasa ba ta yi a wurin. Tumatir ba ya yi. Salati ma sai ya yi tsawo ya faɗi. Don haka mutane su kan ce: ƙarƙashin icce ba a shibka komi.

Maganar ba haka ta ke ba duka. Akwai tsirran da ba su son rana mai zafi, inuwa ita ce gidansu. Yau za mu yi magana bisa ɗaya daga cikinsu. Sunansa takalmin zomo.

Don mi za a rufe ƙasa?

Kafin mu kai ga furen, mu fara da ƙasar kanta.

In a na ruwan sama, ganyen icce yana tara ruwa, sa'an nan ya sako shi ɗigo-ɗigo. Waɗannan ɗigo sun fi na sama girma. In sun faɗi bisa ƙasa tsirara, sai su daddake ta. Rana ta fito, ƙasar ta yi ɓawo. Ruwa na gaba in ya zo, ba ya samun hanyar shiga. Sai ya gudu, ya tafi da ƙasa mai kyau ta sama. Shekara da shekaru, wurin ya zama faƙo, saiwoyin icce su fito waje.

Kun ga asara biyu ke nan. Ruwan da icce za ya sha ya gudu, ƙasar kuma ta tafi. Mai garka sai ya koma rijiya, ya ja guga ya ƙara ja, don ya biya abin da ya bari ya wuce.

In ƙasa tana rufe da ganye, ɗigon ruwa bisa ganyen ya ke faɗuwa. Ƙarfinsa ya mutu, ya gangara sannu ya shiga ƙasa. Laima ta daɗe. Tana da sauran ƙananan halittu su samu wurin zama, su yi ta huda ƙasa suna sassauta ta. Haki maras amfani kuma ba ya samun fili.

Mine ne takalmin zomo?

Tsiro ne wanda ba shi da kara. Ganyensa huɗu ne galibi, masu faɗi, masu kauri, cike da ruwa. Suna kwance bisa ƙasa shamɓar, ɗaya gabas, ɗaya yamma, ɗaya kudu, ɗaya arewa. Kowane ganye ya kan kai tafin hannun babban mutum, wani ma ya fi. Bakin ganyen ya kan yi ja-ja.

Daga tsakiyar ganyen huɗu fure ya ke fitowa. Babba ne, rawaya, launin garin ɗorawa, bakinsa a buɗe kamar na kakaki. Fure guda ba ya daɗewa, kamar yini ɗaya ya ke yi ya yanƙwane. Amma wani yana biye da shi. In tsirran suna da yawa, sai ku yi kwanaki kuna ganin fure.

A cikin ƙasa akwai saiwa mai kauri, wadda ke tafiya kwance. In kun san citta mai yatsu, to kun san irin wagga saiwa, don dangin juna ne na nesa. Saiwar ita ce rumbun tsiron. A ciki ya ke ajiye abinci da ruwa. Ita ce kuma ke yin ɗiya: kowace shekara ta miƙa gaba kaɗan, ta fid da sabon tsiro kusa da na da. Haka su ke yaɗuwa har ganye ya taɓa ganye, ƙasa ta rufe kamar an shimfiɗa tabarma.

Masana tsirrai suna ce masa Costus spectabilis. Sunansa na Hausa kuwa tsoho ne. Wani likita Bature mai suna Dalziel ya tara sunayen itatuwa da haki na Hausa cikin littafi a shekarar 1916, kuma takalmin zomo yana ciki.

Ina ya ke fitowa?

Ɗan Afirka ne. Yana fitowa da kansa cikin dazuzzukan da su ka fi namu samun ruwa: a Najeriya, da Benin, da Burkina Faso, da Gana, da Kamaru, har zuwa Habasha da Zambiya. A na samunsa ƙarƙashin itatuwa, da gindin duwatsu, da gefen suri, inda ruɓaɓɓen ganye ya taru kuma ruwa ba ya kwanciya.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun ɗauke shi furen ƙasarsu. Ku duba tambarin Najeriya, wanda ta samu a shekarar 1960, irin wanda ke bisa bangon fasfonsu. Akwai baƙar garkuwa, da fararen dawaki biyu, da jar mikiya a sama. A ƙasa, cikin ciyawar da dawakin su ka taka, akwai ƙananan furanni. To, su ne takalmin zomo. Sai dai masu zane sun yi su ja, alhali kuwa na daji rawaya ne.

Mu faɗi gaskiya tun yanzu: ƙasarmu ta fi waɗancan wurare ƙarancin ruwa. Gaya tana samun wajen milimita 800 a shekara. Yamai da Maraɗi wajen 500 ko sama kaɗan. Damagaram da Tawa wajen 400 ko ƙasa da haka. Saboda haka wanga tsiro ba na jigawa ba ne, ba na gonar hatsi ba ne. Na garka ne, inda akwai itatuwa, da shinge, da rijiya. Yana iya zama kuma cikin gida, a gindin icce ko cikin tukunya.

Barci ba mutuwa ba ne

Ga abin da ya fi komi muhimmanci cikin wanga darasi. Ku karanta shi sau biyu.

Takalmin zomo yana da lokacin farkawa da lokacin barci. In damana ta faɗi, saiwa ta ji laima, sai ta farka. Ganye ya fito, fure ya fito tun farkon damana. Duk tsawon damana ganyen yana aiki, yana tara abinci yana aika wa saiwa. In kaka ta yi, ruwa ya ɗauke, ganyen ya yi rawaya ya bushe. Daga nan ba ku ƙara ganin komi bisa ƙasa. Duk ɗari da rani da bazara saiwa tana kwance cikin ƙasa, tana barci.

A nan ne mutane ke yin ɓarna iri biyu. Wani ya ga ganye ya bushe, tausayi ya kama shi, ya yi ta zuba ruwa. Saiwa mai barci ba ta shan ruwa. Ruwan ya zauna mata, ta ruɓe. Wani kuma ya ce abin ya mutu, ya sa hauya ya kafce wurin, ya sassare saiwoyin.

Wanga abu ba baƙo ba ne gare mu. Manoman jihar Maraɗi sun san shi. Tun wajen shekarar 1983 su ka fara sassaben zamani: su ka daina tone kututturan da ke cikin gona, su ka bar tohon da ke fitowa, su ka gyara shi. Kututturan da a ke gani kamar matattu su ka koma itatuwa, domin saiwarsu tana da rai. Haka takalmin zomo ya ke. Abin da ido ba ya gani cikin ƙasa, shi ne dukiyar.

A ƙasashen Turawa ma a na shibka irin waɗannan furanni ƙarƙashin itatuwa. A Faransa akwai wani mai fararen furanni kamar ƙananan ƙararrawa, suna ce masa muge, suna ba juna kyautarsa ran 1 ga watan Mayu. Shi ma yana barci, amma sanyin ƙanƙara ne ke sa shi barci, kuma sai ya sha sanyin nan kafin ya yi fure. Ba ya yi a ƙasarmu. Kada ku ɓata kuɗinku gare shi. Namu na Afirka, rani ne ke sa shi barci, rani kuwa muna da shi.

Wace inuwa ce ta dace?

Ba kowace inuwa ba. Ku nemi wurin da haske ke ratsowa tsakanin ganye, ko inda ranar safe ke taɓawa kaɗan sa'an nan inuwa ta rufe. Ranar tsaka da ta azahar tana ƙona ganyensa. Inuwa mai duhu ƙwarai kuma tana hana shi fure.

Mangwaro yana da inuwa mai kauri. Kada ku shibka dab da gindinsa. Ku matsa wajen bakin inuwar, inda rassa su ka ƙare.

Gwaba tana da inuwa madaidaiciya, ta dace. Lemu ma haka, amma saiwoyinsa suna kusa da saman ƙasa, sai ku yi tono a hankali, ku bar tazara daga gindi.

Gawo fa? Gawo abokin manomi ne, amma a nan ba ya yi. Kun san halinsa: da damana ya ke zubar da ganye, da rani ya yi kore. Lokacin da takalmin zomo ke neman inuwa, gawo ba shi da ita.

Dogon yaro da turare suna shan ruwa da yawa, saiwoyinsu suna ƙwace wa ƙananan tsirrai abinci. Ƙarƙashin tsamiya ma abu bai cika fitowa ba. Ku bar waɗannan.

Sai abu guda da za ku lura da shi. In kuna ba itatuwanku ruwa da rani, kowane icce yana da gurbin da a ke zuba masa ruwa. Kada ku sa takalmin zomo cikin gurbin nan. Ku sa shi waje da gurbin, inda ƙasa za ta bushe da rani.

Samun iri

Da saiwa a ke shibka shi, kamar citta. Hanya mafi sauƙi ita ce ku roƙi wanda ke da shi ya yanko muku. Ku tambayi masu sayar da dashen itatuwa da furanni, ko ƴan'uwa masu zuwa kudu. Ku tuna dai, ƙetare iyakar ƙasa da tsiro yana da doka, sai a tambayi malaman gona.

In a daji za a samo shi, akwai ladabi. Da rani ba a ganinsa, don haka da damana a ke sa masa alama da sanda ko dutse, a komo bayan ganye ya bushe. A ɗiba daga inda ya ke da yawa. In kun ga goma, ku ɗauki biyu ku bar takwas, ku mai da ƙasa ku rufe ramin. Cikin gandun dajin da hukuma ta kare, kamar gandun W, ba a tonon komi. Wanda ya kwashe duka ya hana na bayansa, shi ma in nasa ya lalace ba shi da wurin komawa.

Ku zaɓi saiwa mai tauri, wadda ba ta da laushi ko wari. Kowane yanki ya kasance da ido, wato wurin da toho ke fitowa. In kun yanka, ku bar yankan ya sha iska cikin inuwa kwana ɗaya ko biyu. Wasu su kan shafa toka a bakin yankan. In lokacin shibka bai yi ba, ku ajiye saiwoyin cikin busasshen rairai, a tukunya, cikin ɗaki.

Yadda a ke shibkawa

Lokacin shibka shi ne ƙarshen bazara, cikin watan Mayu ko Yuni, in hadari ya fara taruwa.

Na ɗaya. Ku sassauta ƙasa zurfin taƙi guda. Ku yi aiki da ƙaramar hauya. In kun gamu da babbar saiwar icce, kada ku sare ta, ku kauce mata.

Na biyu. Ku gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen ganye da tsohon taki wanda ya riga ya huce. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. In ƙasarku laka ce, ku ƙara rairai sosai, ku ɗaga wurin kaɗan ya fi kewayensa tudu, don kada ruwa ya kwanta.

Na uku. Ku kwantar da saiwar kwance, idon yana duban sama. Ku rufe ta da ƙasa kamar santimita 3 zuwa 5, wato kaurin yatsu biyu ko uku. In kun binne ta da zurfi, toho za ya wahala kafin ya fito.

Na huɗu. Tsakanin saiwa da saiwa ku bar kamar santimita 30, wato taƙi guda da rabi. Wurin da ya ke mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, za ya ɗauki kamar 9.

Na biyar. Ku yayyafa ruwa kaɗan, ku baza busasshen ganye sama-sama. Ku kafa ƙananan sanduna ko ku jera duwatsu kewaye da wurin. Wagga alama ita za ta tsare shi da rani, ranar da kowa ya manta akwai abu a wurin.

Kada ku fara da babban wuri. Ku fara da gindin icce guda. In ya karɓa, shi da kansa za ya ba ku irin da za ku ƙara.

Aikin shekara

Da damana: in ruwan sama yana zuwa a kai a kai, ba ku da aikin ban ruwa. In an yi kwanaki ba ruwa, ku sa yatsa cikin ƙasa. In kun ji laima, ku bari. In ta bushe, ku ba shi ruwa da safe ko da marece. Ku zuba a gefen ganye, ba bisa furen ba. Haki in ya fito, ku cire da hannu, kada ku sa hauya.

Da kaka: in ganye ya fara rawaya, wajen watan Oktoba, ku rage ruwa, sa'an nan ku daina ɗungum. Kada ku yanke ganyen tun yana kore, don yana kan aika abinci ga saiwa. Ku bari ya bushe da kansa.

Da ɗari da rani: ba ruwa, ba tono. A wanga lokaci takalmin zomo ba ya rufe ƙasa, sai ku rufe ta da kanku. Ganyen da itatuwa ke zubarwa, kada ku share ku ƙone. Ku tara shi bisa wurin, kaurin yatsu uku ko huɗu. Yana kare saiwa daga zafi, yana hana iska kwashe ƙasa. Gara za ta ci wani sashe, ta shiga da shi cikin ƙasa, ta bar ƙananan ramu inda ruwa za ya bi. In kun ga ya ragu, ku ƙara.

Da bazara: in damana ta kusa, ku rage busasshen ganyen don toho ya samu hanya, ku barbaɗa tsohon taki kaɗan. Bayan shekara biyu ko uku, in tsirran sun cunkushe, a wanga lokaci ne za ku tono wasu, ku rarraba, ku kai gindin wani icce ko ku ba maƙwabci.

Shekarar farko wataƙila ganye kaɗai za ku gani, ko fure ɗaya-biyu, ƙasa kuma ba za ta rufe duka ba. Kada ku karaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Abubuwan da za a kiyaye

Ganyen yana kwance bisa ƙasa, ga shi da taushi. In an taka shi ya lalace, kuma ba ya saurin maida wani. Ku bar hanyar wucewa, ku nuna wa yara. Wurin da ku ke shimfiɗa tabarma ku huta, ku bar shi yadda ya ke, ba nan za a shibka ba.

Awaki da tumaki da jakai, shinge ne maganinsu. Kaji kuma suna tonon ƙasa mai laima, sai a kewaye wurin da ƙaya ko kara.

Duk inda ganye ya taru da sanyi, kunama ko maciji na iya fakewa. Kada ku tura hannu cikin tarin busasshen ganye, ku fara motsa shi da sanda. Kada kuma ku kai tarin ganye jikin bangon ɗakin kwana.

In cikin tukunya ku ka shibka, ku huda gindinta ruwa ya riƙa fita. Ruwan da ya kwanta yana ruɓar da saiwa, kuma sauro yana haihuwa a ciki.

Takalmin zomo ba ya cikin abincinmu. Ko da ya yi kama da citta, ba citta ba ne. Kada a sa shi a miya ko a shayi, kada a bari yara su tauna.

In ba ku samu ba fa?

Wani za ya ce: ni a garinmu ban taɓa ganinsa ba. To, ba a fasa aikin ba. Na'ana'a tana jure rabin inuwa, tana yaɗuwa da saiwa, tana rufe ƙasa, ga shi a na sayenta don shayi. Bambancinsu guda: ita ba ta barci da rani, tana son ruwa duk shekara, don haka kusa da rijiya ko bakin gurbin ban ruwa za ku sa ta. In ita ma babu, busasshen ganye yana nan, kyauta ne. Ku bar shi ƙarƙashin iccen da ya zubar da shi.

Wani kuma za ya ce: fure ba a ci, ina amfaninsa? Mun ga amfaninsa ga ƙasa da ruwa. Ban da haka, garka wurin aiki ce, amma wurin hutawa ce kuma. Wanda ya ja guga tun asuba, in ya ɗaga kai ya ga gindin gwabarsa shimfiɗe da koren ganye da furanni rawaya, ya san abin da ya samu.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Mi ke faruwa ga ƙasa tsirara in ruwa ya ɗigo mata daga bisa icce?

2. Don mi ba a ba takalmin zomo ruwa da rani?

3. Don mi inuwar gawo ba ta dace da shi ba?

4. In saiwa 9 ke cika mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi, nawa ku ke bukata don wuri uku irin wannan?

5. A garinku, mi a ke yi da ganyen da itatuwa ke zubarwa? Ku rubuta sunayen tsirrai uku da ku ka taɓa gani suna fitowa cikin inuwa, ku kawo wa aji.